Malamin Makaranta da Lafiyar Hankalin Matasa a Ƙasar Haɗejiya

A cikin watan Janairu na 2023 aka bayyana cewa Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya. Kafin wannan lokaci ƙasar tana aiki ne da dokar mahaukata ta 1958, wadda ita ma ta samo asali daga wata doka da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916. Abin da tsohuwar dokar ta fi mai da hankali a kai shi ne yadda za a kama mahaukaci a tsare shi don kada ya cuci jama'a. Sabuwar kuwa ta ɗauki mai ciwon hankali a matsayin majinyaci, wanda yake da haƙƙin a yi masa magani, a kuma kiyaye mutuncinsa. Wannan ci gaba ne babu shakka. To amma doka ba ta da ƙafar da za ta taka zuwa Guri ko Birniwa. Sai an sami mutanen da za su kai ta can, kuma a nan ne maganar malamin makaranta ta shigo.

Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Nijeriya, bisa ga ƙididdigar da aka riƙa ambato a shekarun da suka biyo bayan 2020, ba su kai 300 ba, alhali jama'ar ƙasar ta haura miliyan 200. Galibinsu kuwa suna zaune ne a manyan birane inda asibitocin koyarwa suke. Asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa yana Kazaure, a yammacin jihar, ita kuwa Haɗejiya tana gabas. Tsakaninsu tafiyar sa'o'i ce da kuɗin mota mai yawa. A ɗaya gefen kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wani nau'i na ciwon hankali, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Watau dai ciwon yana tsiro ne daidai shekarun da yaro yake ƙaramar sakandare. Idan aka cire iyaye, babu wani babba da yake ganin wannan yaro kullum, yana kuma iya gwada shi da tsararsa, in ba malaminsa ba. A makarantar kwana ma malamin ya fi iyayen ganinsa.

Maganar Suna

Matsala ta farko da mai horar da malamai zai ci karo da ita ta harshe ce. Da zarar an ce ciwon hankali, abin da Bahaushe yake hange shi ne mahaukaci tuburan, mai yawo tsirara a bakin kasuwa yara suna jifarsa. Ko da an sassauta an ce taɓin hankali, har yanzu kalma ce da take ɓata sunan gida, ta hana 'yan matan gidan samun miji. Saboda haka babu uban da zai yarda a liƙa wa ɗansa ita, babu kuma malamin kirki da zai so ya zama shi ya fara furta ta. Alhali kuwa abin da ya fi addabar matasa ya yi nisa da wannan. Hausa ba ta rasa kalmominsa ba: akwai damuwa da baƙin ciki mai daɗewa, akwai zullumi da fargaba, akwai firgita, akwai ƙunci, akwai yawan tunani, akwai ɗimuwa. Abin da Hausa ba ta saba yi ba shi ne ta sa waɗannan a sahun cututtukan da ake kai wa asibiti. A wurinta halin rayuwa ne, maganinsu kuwa haƙuri. Duk horon da aka shirya da Turanci, aka zo da shi daga Abuja ko daga wata ƙasa ba tare da an zauna an tace waɗannan kalmomi ba, malamai za su saurara, su karɓi takardar shaida, su koma aji ba su ga alaƙarsa da yaran da ke gabansu ba.

A laccar da ya gabatar a 1973 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, daga cikinsu akwai haƙuri da kunya. Waɗannan halaye biyu su ne ƙashin bayan tarbiyyar Bahaushe, kuma babu mai hankalin da zai nemi a rushe su. Sai dai dole a san abin da suke jawowa a wannan fage. Yaron da aka yi wa tarbiyya sosai ba ya kai kukan zuciyarsa wurin babba. Yarinya ma ta fi, don ita ana auna darajarta da kawaicinta. Ke nan yaron da ya fi kowa ladabi shi ne wanda ciwonsa zai fi daɗewa a ɓoye. Abin da baki ya kasa faɗa kuwa jiki yakan faɗe shi. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya yi rubutu a kan ɗaliban Nijeriya da suke zuwa da kukan zafin kai, da jin kamar wani abu yana yawo a cikin kansu, da dishi-dishin ido in sun ɗauki littafi, da rashin riƙe abin da suka karanta, aka kuwa duba jikinsu ba a sami komai ba. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗakin shan magani na makarantar kwana ya san irin wannan kuka, ya kuma san yakan yawaita ne in jarrabawa ta ƙarato.

Ƙasar da Ruwanta

Ƙasar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Da can tana cikin Jihar Kano, har zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Rayuwar yawancin mutanenta a ɗaure take da kogin da ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, wanda yake malala cikin fadamu kafin ya nufi Nguru da Gashuwa. Noman shinkafa, su, kiwo da noman rani duk a kansa suka dogara. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake. Magudanan da a dā suke ƙafewa da rani suka koma riƙe ruwa duk shekara, ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta haɗu da yashi da laka ta toshe hanyoyi. Sakamakon haka shi ne ruwa yakan rasa inda aka saba ganinsa, ya kuma afka wa inda ba a zata ba.

An yi ambaliya mai muni a wannan yanki a 2018 da 2020, sa'an nan a 2022 aka yi wadda ta fi su, wadda ta ci rayuka sama da 100 a Jihar Jigawa kaɗai, ta kuma raba mutane fiye da miliyan ɗaya da gidajensu a faɗin Nijeriya. Rahotannin irin wannan masifa suna ƙidaya gidaje da kadadar gona da buhunan hatsi. Ba su ƙidaya abin da ya faru a zuciyar yaro ɗan shekara 15 da ya kwana uku yana cika buhu da yashi a kan jinga, ko wanda ya ga ɗakin mahaifiyarsa ya rufta, ko wanda kwalekwale ya kife da ƙanensa. Ruwan yakan zo ne tsakanin Agusta da Satumba, daidai lokacin da ake shirin komawa makaranta. Sau da yawa ajin da yaron zai koma shi ne sansanin da iyalinsa suka yi zaman gudun hijira. In shinkafa ta nutse, babu kuɗin littafi da na jarrabawa, kuma a wasu gidaje maganar aurar da yarinya takan taso da wuri fiye da yadda aka shirya, don a rage baki. In shinkafar ta tsira, yaron ne zai kwana a gona yana korar tsuntsun jan baki, ya zo aji yana gyangyaɗi. Malamin da bai san wannan zagaye na shekara ba zai ga lalaci da taurin kai ne kawai, ya kuwa ɗauko bulala.

Ba ruwa kaɗai ba ne. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a garin Majiya da ke kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, mutane fiye da 150 suka rasu, aka kai wasu daga cikin waɗanda suka ƙone asibitin Haɗejiya. Duk wanda ya rasu a nan ya bar 'ya'ya ko ƙanne, da yawansu 'yan makaranta. Sai kuma shaye-shaye. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda ya shafi shekarar 2017, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. A watan Mayu na 2018 ne gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma haɗa shi. Yaron da ya fara shan tiramol don ya jure aikin gona, ko don ya daina tunani, korarsa daga makaranta ita ce hanya mafi sauƙi, ita ce kuma take miƙa shi ga dillalan ƙwayar gaba ɗaya.

Abin da Aka Riga Aka Gwada

Tunanin sa makaranta ta kula da halin da ɗalibi yake ciki ba sabo ba ne a ƙasar nan. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta yi tanadin malaman shawara da jagoranci a makarantun gaba da firamare, kuma tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 ya ƙara ƙarfafa bukatarsu. Jami'o'i da kwalejojin ilimi sun yaye mutane da yawa a wannan fanni. Amma wanda ya san makarantun gwamnati ya san yadda abin yakan kasance: a turo malamin shawara, shugaban makaranta ya duba ya ga ba shi da malamin Turanci ko na lissafi, sai ya ɗora masa darasi kamar kowa. Abin da ya rage na shawara shi ne cike takardun jarrabawa da raba yara tsakanin ajin kimiyya da na fasaha. Ba za a ga laifin shugaban makaranta ba, don shi sakamakon jarrabawa za a tambaye shi.

Akwai wani bincike da ya kamata duk ma'aikacin ilimi da ke shirin kashe kuɗin jama'a a kan horo ya sani. An yi shi ne a gundumar Nalanda ta jihar Bihar a ƙasar Indiya, yankin talakawa manoma mai cunkoson azuzuwa, aka kuma buga sakamakonsa a mujallar likitanci ta Lancet a 2018. An ɗauki makarantun sakandare 75 aka kasa su uku. Kashi na farko aka bar su da darasin da gwamnati ta saba bayarwa. A kashi na biyu aka zaɓi malami ɗaya daga cikin malaman makarantar aka horar da shi, ya riƙa sauraron yara, ya kafa ƙungiyoyinsu, ya ajiye akwatin koke, ya yi yaƙi da cin zali. A kashi na uku aka ɗauko wani mutum daga cikin gari, wanda ba likita ba ne, ba kuma malami ba, aka ba shi irin wannan horo, aka ce wannan shi ne aikinsa kaɗai. Da aka zo auna sakamako, makarantun kashi na uku sun sami sauyi bayyananne: alamun baƙin ciki sun ragu, cin zali ya ragu, yara sun ƙara jin makarantar tasu ce. Makarantun da aka ɗora wa malami aikin kuwa ba su bambanta da waɗanda ba a yi wa komai ba.

Wannan sakamako ba daɗin ji gare shi ba, musamman ga masu sha'awar taron bita. Horon iri ɗaya ne. Abin da ya raba mutanen biyu shi ne lokaci da kuma matsayi. Malami yana da darasi da gyaran takardu, sa'an nan shi ne mai ba da maki, shi ne mai hukunci, yaro kuwa ba ya buɗe cikinsa ga wanda zai yi masa bulala gobe. Darasin da ke ciki shi ne a rage abin da ake nema daga malamin aji, a kuma samar da mutum guda a makaranta wanda wannan ne aikinsa. Amfani da wanda ba likita ba kuwa ba sabon abu ba ne a Nijeriya. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata suke zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe ma, tun daga 2006, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, bincike kuma ya tabbatar da amfanin hakan.

Abin da Horon Zai Ƙunsa

Abu na farko da za a koya wa malamin aji shi ne lura da sauyi. Ba a bukatar ya san sunayen cututtuka, hasali ma saninsu rabi da rabi ya fi rashinsa haɗari, don malamin da ya fara raɗa wa yara sunan ciwo ya yi ɓarnar da za ta bi su har gida. Abin da ake so ya tambayi kansa shi ne: yaron nan haka yake a zangon da ya wuce? Mai surutu ya yi tsit, mai tsabta ya daina wanka, mai ƙoƙari ya faɗo daga na biyar zuwa na arba'in, mai sanyin hali ya koma neman faɗa, yarinya ta daina cin abinci ko ta riƙa kuka ba dalili. In irin wannan ya wuce mako biyu, ya kuma hana yaro karatu ko barci ko cuɗanya da abokai, to ya isa a kula. Kayan aikin wannan lura yana nan a kowace makaranta, watau rajistar kiran suna. Ana cike ta kullum don mai duba makarantu ya gani, amma ba a cika karanta ta ba. Yaron da ya fara fashi kowace ranar kasuwa, ko wanda bai dawo ba mako uku bayan janyewar ruwa, rajista ta riga ta ba da labarinsa.

Kafin a ce zuciya ce, dole a fara duba jiki. A ƙasar fadama tsargiya ta zama ruwan dare ga yaran da suke wanka da su a kududdufi, tana kuwa rage jini ta kawo kasala. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa sambatu, haka ma sanƙarau a lokacin zafi, kuma waɗannan biyu ba su jira. Yunwa da rashin gani sosai sun mai da yara da yawa daƙiƙai a idon malamansu. Farfaɗiya kuma ciwon ƙwaƙwalwa ne da yake jin magani, ba a ɗaukarsa ta yawu kamar yadda ake camfawa. Abin da ake yi wa wanda ta buge shi ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki.

Abu na biyu shi ne sauraro, wanda ya fi wuya, don aikin malami magana ce. Al'adar babba in yaro ya kawo kuka ita ce ya tare shi da nasiha tun bai kai aya ba: ka yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga uku, ka riƙa addu'a. Duk gaskiya ne, amma in suka zo da wuri rufe baki suke yi. Akwai bambanci tsakanin malamin da zai tsayar da yaro a gaban aji ya ce, "Kai, me ke damunka ne kwanan nan?" da wanda zai bari a tashi, ya aike shi ya kai masa littattafai ofis, sa'an nan ya ce, "Zauna, ɗana. Na ga tun da aka dawo hutu ba ka da walwala. Yaya mutanen gida, ruwan ya taɓa ku?" Ko yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Malam," ya riga ya san akwai ƙofa. Sau da yawa sai a karo na uku yake shigowa. Daga nan sai amana. Maganar da yaro ya faɗa a ofis in ta fito a ɗakin hutun malamai, an gama. Babu wani yaro a makarantar da zai sake magana. Amana ɗaya ce malami ba zai riƙe ba, ita ce wadda ta shafi rai ko cin zarafi, kuma ya kamata ya gaya wa yaron haka tun farko.

Wannan ya kawo maganar da kowa yake gudu. Musulmi ya san girman laifin kashe kai, don haka ake ɗauka cewa ɗan Musulmi ba ya tunaninsa. Yana yi, sai dai ba ya faɗa. Bincike ya nuna cewa tambayar mutum a fili ko yana tunanin halaka kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In yaro ya amsa da i, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma jira gobe kafin a sanar da shugaban makaranta da iyaye da ma'aikacin lafiya. A ƙasar noma babban haɗari shi ne maganin ƙwari, wanda yake ajiye a kowane gida da kowane sito. Ƙasar Siri Lanka ta rage yawan masu kashe kansu ƙwarai da gaske daga 1995 ta hanyar hana sayar da magungunan ƙwari mafiya dafi, domin irin wannan niyya ta matashi takan zo ne ta wuce cikin ɗan lokaci. Kulle fiya-fiya da maganin feshi a hannun mai kula da sito, da hana shiga da su ɗakin kwana, ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Sai kuma abin da yake tayar da hankalin makarantun 'yan mata, watau faɗuwar ɗalibai da yawa a lokaci guda. A 1995 da 1996 an yi wannan a makarantun sakandare na Kano, inda ɗaruruwan 'yan mata suka riƙa faɗuwa suna ihu da fizge-fizge, jama'a suka danganta abin da wata aljana da aka kira Sumbuƙa. Ba Hausawa kaɗai suka san shi ba. A 1962, a wata makarantar kwana ta 'yan mata ta mishan a ƙauyen Kashasha na ƙasar Tanganyika, dariya da kuka suka kama ɗalibai 95 daga cikin 159, har aka rufe makarantar. Likitoci sun lura cewa irin wannan yakan auku ne inda aka tara matasa cikin takura da tsoro, yana bin ido da kunne daga wannan zuwa waccan, kuma taron 'yan kallo yana ƙara masa ƙarfi. 'Yan matan ba ƙarya suke yi ba, abin da suke ji a jikinsu gaskiya ne. Mai horo da zai tsaya gaban malaman Haɗejiya ya ce babu aljanu ya ɓata lokacinsa, ya kuma zubar da sauran abin da ya zo da shi. Ba a kuma bukatar wannan gardama. Abin da ake bukata shi ne a yarda a kan matakai: a raba waɗanda suka faɗi, a kai kowace wuri mai shiru, a kori 'yan kallo, a kira ma'aikacin lafiya ya tabbatar ba sanƙarau ko guba ba ne. In iyaye suna son ruƙiyya a yi ta a keɓe, cikin natsuwa, ba tare da duka ko hayaƙi ko shaƙe wuya ba. Bayan ƙura ta lafa sai a binciki abin da ya riga ya faru a makarantar: ko abinci ya yi ƙaranci, ko manyan ɗalibai sun matsa wa ƙanana, ko wani labari mai ban tsoro ya shigo. Yarinyar da ta fara faɗuwa ita ce ta fi bukatar a zauna da ita.

Daga wannan za a ga cewa kuskure ne a taƙaita horon ga masu riƙe alli. Uwar ɗakin kwana ita ce take jin kukan dare. Kuku ya san wanda ya bar abincinsa. Maigadi ya san mai tsallake katanga da wanda yake kawo masa saƙo. Waɗannan ba a gayyatarsu bita don ba su jin Turanci, alhali su ne yara ba su jin tsoro. Haka nan malamin addini na makarantar, da malaman Islamiyya da limamai na gari, domin wurinsu iyaye suke fara zuwa. In limami ya ce a haɗa da asibiti, za a haɗa. Sa'an nan yarinya budurwa ba za ta gaya wa namiji abin da ya shafi haila ko auren dole ko wanda ya taɓa ta ba, bai ma dace ya keɓe da ita ba. Makarantar da ba ta da malama ko ɗaya, kamar yadda ake samu a ƙauyukan nesa, sai ta nemi wata dattijuwa mai mutunci a gari a horar da ita.

Abu na uku shi ne sanin inda za a kai yaro, kuma a nan ne nauyin ya koma kan ma'aikatan gwamnati. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar hankali cikin ayyukan ƙananan asibitoci, kuma a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora da yake koya wa ma'aikacin lafiya wanda ba ƙwararre ba yadda zai gane manyan cututtukan hankali ya kuma fara maganinsu. In an horar da malami aka bar ma'aikacin asibitin garinsa, malamin zai gano yaro ya rasa inda zai kai shi, daga baya ya daina dubawa. Saboda haka ma'aikatar ilimi da ta lafiya a Dutse su ne za su zauna tare, a horar da mutanen makaranta da na asibitin da ke kusa da ita a ɗaki ɗaya, kowa ya san sunan ɗan'uwansa da lambar wayarsa, a kuma fayyace wane ne za a tura babban asibitin Haɗejiya, wane ne sai Kazaure ko Kano. Masu koyarwa ba su yi nisa ba: akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel inda ake yaye malaman da za su riƙe waɗannan azuzuwa. Bitar kwana uku ba ta zama a kai sai an riƙa bibiya, ko da sau ɗaya a wata, inda waɗanda aka horar za su kawo abin da ya gagare su. Su ma malaman ruwa ya ci gidajensu da gonakinsu, don haka wannan zama nasu ne su ma. Lokacin da ya fi dacewa a yi horon shi ne Yuni ko Yuli, kafin kogi ya kawo, domin malamai su shiga zangon farko da shirinsu.